Ɓarawon da Ya Ɗumama Inji

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoto: an sace tsohuwar mota, mai shekara hamsin, daga garejin wani gida. Mai ƙara, ɗan marigayin da ya bar motar, ya riga ya sa an kulle mai gadi a bayan kanta.

"Ranka ya daɗe, burodi kawai na je saya," in ji mai gadi. "Ko keke ban iya tuƙawa ba. In aka ɗaure ni, 'ya'yana sun shiga uku."

Sufeto mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf, ko kaza ta ɗingisa sai ya ji dalili. Ya tafi gidan.

Garejin fayau. A bango, daidai inda salansa ke fuskanta, ya ga baƙin tabon hayaƙi. Ya shafa, baƙin ya kama masa yatsa. Wato an daɗe da inji a kunne kafin a fita. Wane irin ɓarawo ne ke tsayawa ɗumama mota?

"Yaushe rabonka da ta da ta?"

"Duk mako nake yi," in ji ɗan marigayi.

Sufeto ya ɗauko makullin motar daga ƙugiya, yanar gizo-gizo ta biyo shi. Saurayin ya sosa ƙeya.

"To… shekara biyu. Tun rasuwar Baba."

A ɗaya bangon akwai ƙusoshi a jere, kowace da tsohon fanbel, wato bel ɗin inji, duk sun yi futu-futu da ƙura, ban da na ƙarshe. Shi ya tsattsage, amma maiƙonsa ɗanye ne.

"Wa ke rataye waɗannan?"

"Bakaniken Baba. Duk wanda ya cire sai ya rataye. Na sallame shi tuni, surutunsa ya ishe ni."

Sufeto ya sami tsohon bakaniken a rumfarsa yana wanke fulogi.

"Sannu da aiki, Baba. Yaushe rabonka da motar marigayi?"

"Shekara biyu, ɗana."

"Ikon Allah. Ɓarawon nan ya burge ni. Ya ɗumama inji, ya canza fanbel, har ya rataye tsohon a ƙusa. Wa ka koya wa wannan?"

Hannun tsohon ya tsaya cak. Hali zanen dutse.

"Ban koya wa kowa ba," ya ce a hankali.

"Mai gadi kuwa yana bayan kanta. 'Ya'yansa huɗu."

Nan tsohon ya zubar da makamansa. Ya ja Sufeto bayan rumfa, ya yaye tamfol. Ga mota tana sheƙi.

"Shekara talatin ina kula da ita, makullin da marigayi ya ba ni bai taɓa barin aljihuna ba. Tsohuwar mota ba gudu ke kashe ta ba, zama ne. Baƙin mai ya daskare, tsatsa ta ci lagireto, ran da aka murɗa makulli inji ya buga. Na roƙi yaron nan har na gaji. Ni na ɗauke ta. Ku saki bawan Allah."

Tausayi ya kama Sufeto, amma sata sata ce. Ya sa masa ankwa, ya buga waya aka saki mai gadi, aka kira mai mota.

Ɗan marigayi ya iso da fushi, ya faɗa mota, ya murɗa makulli. Inji na kamawa ya kai hannu ga giya.

"Kul!" in ji tsohon. "Minti goma. Haka babanka ke yi."

Saurayin ya dubi ankwar da ke hannun tsohon, ya janye nasa hannun daga giya. Haka suka tsaya su uku har ƙarar inji ta kwanta.

"To, yanzu mu je," in ji tsohon, ya yi gaba zuwa motar 'yan sanda.