Wanda Ya Fitar da Ingarma

Ƙarfe ɗaya na rana, mazan garin At-Bashi suna gidan sadakar arba'in suna cin nama, sai hayaƙi ya turnuƙe daga gidan tsoho Kadirkul. Kafin a jawo ruwa, ciyawar da ya tara wa dabbobinsa ta hunturu ta ƙone ƙurmus, har da bargar da ke ƙarƙashinta.

Ko da Sufeto Burul ta iso, gari ya gama yanke hukunci. Da safe an ga Sairagul, matar ɗan tsohon, tana zaga barga da kaskon turaren itace, yadda mata ke yi don korar sharri. Ga ta nan jikin katanga, ido ya yi ja. In laifin ya hau kanta, kotu na jiranta, aurenta kuma ya mutu.

"Sakacin yarinya ne, 'yata," Kadirkul ya ce wa Burul. "Rubuta kawai."

"Baba, sakaci daban, ganganci daban. Na biyun kurkuku ne. Ba na rubuta abin da ban gani ba."

Burul kuwa ba ta san gajiya da tambaya ba. Ta iske kaskon a kicin, sanyi ƙalau. Tokar barga warin man dizal take yi. Da ta tono ƙarfen ƙofa, sai ta ga an zura sakata ta waje.

Ta tare maƙwabci Moldosan, mai rigimar ruwan rafi da tsohon.

"Ni? Tun hantsi ina gidan sadaka, hannuna na cikin tumbin rago, ranki ya daɗe! Tambayi kowa."

Ta tambaya, haka ne.

Can gefen da iska ke tahowa, baƙin ingarman Kadirkul na ɗaure jikin bishiya, an rufa masa bargo an ja ɗamara tsaf.

"Wa ya fito da shi?"

Sairagul ta naɗe hannun riga ta nuna tabon cizon dokin. "Yaya, ni ko guga ba na miƙa masa."

Burul ta juya ga taron. "Maza, a kwance min dokin nan mana."

"Yatsuna goma, ina son abuna," in ji wani. Aka kwashe da dariya ana ja da baya. Dokin ya yi haniniya, ya miƙa wuya yana neman Esenbek da ke cikin taron, mai horon dawaki da ya rene shi shekara huɗu kafin Kadirkul ya sallame shi da bazara.

"Malam Esenbek, ya san ka ke nan."

"To, ni na fito da shi. Wuta na gani na cece shi. Laifi ne?"

"Sannu da ƙoƙari! Wuta na ci, ka tsaya rufa masa bargo? Ko gashi ɗaya bai babbake ba, bai yi gumi ba. Ka kuma waiwaya ka sa wa barga sakata, don hannun mai doki ba ya barin ƙofa a buɗe. Kafin wutar ka fitar da shi, ka kai shi inda hayaƙi ba zai same shi ba, sannan ka zuba dizal. Gidan da ba ciyawa dole ya sayar da ingarma kafin ƙanƙara ta sauka, ga ka a bakin ƙofa kana jiran saye."

Esenbek ya dubi dokin. "Ba su san darajarsa ba," ya ce a hankali. "Ai ba zan ƙona shi ba."

"Na sani. Shi ya tona ka. Miƙo hannu."

Kai, ran Burul ya yi fari tas! Tsoho Kadirkul ya tako a gaban mazan gari duka, ya tsaya gaban surukarsa, ya sunkuyar da kai.

"Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe min."

Sairagul ta share ido, ta ɗaga kai, ta nufi ƙofar gidanta. Mazan da suka yi mata hukunci ɗazu suka dare gida biyu, suka ba ta hanya.