An Karɓa, Za a Duba

Rahoton ya iso teburin Sufeto da ƙarfe takwas na safiyar Laraba, cikin layi uku. Wani safiyo na ofishin auna filaye ya faɗo daga kan dutse a wurin aiki, direbansa ya kai gawarsa asibiti jiya da yamma, likita ya ce jini ne ya ƙare masa. A ƙasa Saje ya ƙara nasa ra'ayin, wanda ba wanda ya nema: hatsari ne, wurin babu sabis.

Sufeto ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin ƙarshe. A shekara ashirin da ya yi yana aiki, "babu sabis" ta wanke mutanen da lauyoyi ba su wanke rabinsu ba.

A asibiti likita ya yi masa bayani a tsaye. Ƙashin cinya ya karye ya huda fata wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, amma rai bai fita ba sai wajen huɗu da rabi.

"Da an kawo shi kafin nan fa?"

"Da yanzu yana kwance yana yi mana ƙorafin katifa."

Likita ya miƙa masa wayar mamacin a cikin leda. Gilashinta ya tsage, caji ya ƙare, kuma ya ce sai da suka ɓamɓare yatsunsa kafin su raba shi da ita.

Ofishin auna filaye ɗaki uku ne da baranda. A na tsakiya Babban Akawu yake zama, mutum mai shekara talatin da ɗaya a bakin aiki, saura wata uku ya yi ritaya. Abokan aiki suna kiransa Malam Daidai, domin ba a taɓa samun gogewa ko ƙarin tawada a littafinsa ba. Mamacin mijin ƙanwarsa ne, amma hakan bai hana shi sa hannu a littafin zuwa aiki da ƙarfe bakwai da rabi ba.

Ya bayyana tsarin cikin natsuwa. Duk ma'aikacin da ya fita daji, dole a ji daga gare shi da ƙarfe sha biyu, a rubuta a rajista. Ya buɗe shafin Talata ya juya wa Sufeto. Da rubutu mai kyau kamar na inji, an sa: Sha biyu, Safiyo, an ji lafiya.

"Ta ina aka ji, tunda an ce babu sabis?"

"Haka ake rubutawa, ranka ya daɗe. Idan ba a ji mugun labari ba, an ji lafiya ke nan."

Sufeto ya buɗe shafi na gaba. Agogon bango yana nuna goma saura kwata, amma ma'aikata huɗu da suka fita a ranar duk an riga an ji lafiyarsu da ƙarfe sha biyu. Sai ya tambayi batun wayar da ke cikin leda.

Akawu ya ce ofis ne ya sayi guda biyu a watan jiya, irin waɗanda aka ce suna aika saƙo ta tauraron ɗan'adam inda babu sabis. An ba Safiyo ɗaya, ɗaya kuma ta ofis ce, ta karɓar saƙon gaggawa. Ya nuna kabad ɗin ƙarfe da haɓa. Tana ciki a kulle, domin ba a ba ta lambar kayan ofis ba tukuna, kuma abin da ba shi da lamba ba ya hawa tebur.

"Jiya ka taɓa ta?"

"Ban taɓa ta ba."

Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa wurin. Direban mamacin ya zauna a baya yana nuna hanya. Saje ya jona wayar a mota, ta kawo haske, sai dai ta nemi lambar sirri.

Dutsen yana da rumfa a gindinsa, inuwa mai sanyi wadda rana ba ta shiga. A nan jinin ya fara, a nan kuma gorar ruwan mamacin take, da sauran rabi a ciki. Daga nan alamar jan jiki ta miƙe, taku ashirin da biyu, zuwa wani falalen dutse da babu ko ciyawa a kansa. A can jinin ya taru.

Saje ya ce wataƙila zafin ciwo ne ya juya masa kai, don mai hankali ba ya barin inuwa da ruwa ya koma tsakiyar rana.

Sufeto ya tsaya a kan falalen ya ɗaga kai. Babu reshe, babu dutse, sai sarari.

"Irin wannan waya ba ta aika saƙo a ƙarƙashin rufi. Sama ya fito nema."

Direba ya rantse cewa yana cikin mota tun safe, barci ya ɗauke shi, bai ji komai ba. Sufeto ya kai shi inda hanya ta yi yashi, ya sa shi ya ƙirga sawun taya da bakinsa. Ban da na yau, shiga biyu ne da fita biyu.

Direba ya tsuguna. Ya ce matarsa ce aka kai asibiti tana naƙuda. Akwai wani tudu kilomita arba'in a baya, inda sabis yake kamawa idan mutum ya hau rufin mota ya ɗaga hannu. Can ya tafi da ƙarfe goma, ya tsaya jiran labari. An haifi mace da ƙarfe huɗu. Da ya dawo da albishir a bakinsa, sai ya tarar da gawa.

"Shi ya ba ka izini?"

"Shi ya ce in tafi, ranka ya daɗe. Ya nuna sama da wayarsa, ya ce shi yanzu ko ina yake za a same shi. Na ɗauka ba'a yake yi mini." Ya rufe fuska da hularsa. "Ko sunan yarinyar na kasa tunani."

Sufeto ya rubuta, bai kama shi ba. Barin wurin aiki laifi ne da ofis zai hukunta, sauran hukuncin kuma mutumin ya riga ya fara yi wa kansa.

Washegari da hantsi ya je gidan mamacin. Matar ta karɓe shi a falo, inda takalman aikin mijin suke ajiye a bayan ƙofa da ƙasa a jikinsu. Bai gama tambaya ba ta miƙo masa wayarta. Saƙo ne da ya shigo ranar Talata da ƙarfe ɗaya da minti biyar: Na ɗan ji ciwo a ƙafa. Yaya ya amsa, suna zuwa. Kada ki ta da hankalinki.

Ta ce ta karanta tana tsakiyar wanki. Ta yi niyyar kiran yayanta, sai ta tuna ba ya son a kira shi a lokacin aiki, kuma abin da ya shiga hannun Yaya ai ya gama gyaruwa. Sai ta ci gaba da wankinta. Har ruwan zafi ta ɗora, don ta gasa masa ƙafar idan ya dawo.

"Kin tambayi yayan naki?"

"Na tambaye shi. Ya ce bai ga komai ba, wai zafin ciwo ne ya sa mijina rubuta haka."

Sufeto ya ciro wayar mamacin ya tambaye ta lambar sirri. Ta faɗa ba tare da tunani ba. Ya karanta abin da ke ciki sau biyu, ya miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta bi shi, shi kuma bai ga dokar da ta hana ba.

Sun sami Akawu yana jan layi da rula. Ya ga ƙanwarsa, ya ajiye rular daidai da gefen littafin.

Sufeto ya sa shi ya buɗe kabad. Wayar tana cikin kwalinta, a kunne, akwatin saƙonninta fes kamar an share da tsintsiya. Akawu ya ce ga shi nan, kamar yadda ya faɗa.

Sufeto ya ajiye wayar mamacin kusa da ita, ya karanta a hankali. Sha ɗaya da minti arba'in: Na faɗo, ƙafa ta karye, jini yana zuba, Direba zai dawo amma ban san yaushe ba, a turo mota. Ga lambobin inda yake, daidai har taku. Sha biyu da minti goma, mamacin ya maimaita saƙon. Sha biyu da rabi, ya maimaita.

"Sai ɗaya saura minti biyar, amsa ta fita daga wannan waya da ba a taɓa ba. Kalma biyar. In karanta, ko za ka karanta?"

Akawu ya dubi tire ɗin wasiƙu da ke kan teburinsa. Kowace takarda a ciki tana ɗauke da rubutunsa a kusurwa, kalmomin nan guda biyar.

"An karɓa, za a duba," ya faɗa da ƙyar.

Daga nan bai jira tambaya ba. Ya ce hatimi ya buɗe kabad zai ɗauka, sai ya ji kwalin yana rawa. Da ya karanta, hannunsa ya amsa kafin kansa ya yi tunani, domin bai taɓa barin takarda ta kwana ba amsa ba. Ya miƙe zai shiga wurin Darakta, sai idonsa ya faɗa kan rajista. Saƙon farko ya shigo kafin sha biyu, shi kuma ya rubuta an ji lafiya da sha biyu, tun da safe. Darakta zai tambaya, za a buɗe shafukan baya, na shekara da shekaru.

Sai ya zauna. Ya gaya wa kansa cewa ai Direba yana hanya. Ya ba kansa minti goma ya nemo yadda zai gyara layin ba tare da gogewa ba. Minti goman suka zama awa uku. Da labari ya iso da yamma, ya share saƙonnin, a zatonsa abin da aka share a nan ya sharu a can.

"Bayan amsarka bai sake neman taimakon kowa ba," in ji Sufeto. "Yana da caji har ƙarfe uku. Zai iya neman asibiti, zai iya neman mu. Ya kwanta a rana yana jiranka."

Ƙanwar ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, layi ɗaya ne fa. Da ka soke shi."

Akawu ya mai da idonsa kan rajistar. Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya karanta tuhumar: sakaci da ya jawo asarar rai, da ɓoye shaida. Akawu ya saurara har ƙarshe, ya gyara masa kwanan wata, sannan ya roƙi alfarma guda.

Ya jawo rajistar, ya buɗe shafin Talata, ya ɗora rula a kan "an ji lafiya". Ya ja biro, layin ya karkace ya shiga na ƙasa. Ya dube shi na ɗan lokaci, ya rufe biro, ya miƙa wa Sufeto littafin da makullin kabad.

Saje ya riƙe shi a gwiwar hannu suka fita ta baranda. Ƙanwarsa ta matsa gefe ta ba su hanya, ba ta dube shi ba. Agogon bango ya buga sha biyu.