Ambulan Mai Sunan Na'Allah

Ranar kasuwar Tambuwal ce, shekara guda bayan samun 'yanci, Ɗan'iya malamin gidan waya ya tsaya sayen irin kuɓewa wurin wata yarinya. Shi da ko taƙin gona ba shi da shi! Ambulan ɗin da ta ƙulle irin a ciki ce ta tsayar da shi: tsohuwa ce daga Jamus, da kan sarki mai hoton ƙaho, hatimin 1952 raɗau a kai.

"Malam, iri kaka so, ko takarda?" yarinyar ta tambaya tana ƙunshe dariya.

Ya ɗago ido ya dube ta. "Takarda ce tat tsai da ni. Yanzu ko na rikice."

Sunanta Lauratu, 'yar Na'Allah mai fataucin fata a Kebbe. Wani kamfanin Jamus ne ya yi shekaru yana rubuto wa mahaifinta, ambulan suka taru a adaka, ita kuwa ta mai da su abin ƙunshi.

Daga nan keken Ɗan'iya ya san hanyar Kebbe. Shi ya koya mata cewa darajar ambulan tana wurin zamanta yadda ta zo: kada a ɓanɓare kan sarki, kada a ninke, hatimi ya karantu. Ta daina ninkewa. Wata rana ta aiko masa da guda, da ajami a 'yar takarda ciki:

"Malamina, ga taka ba lanƙwasa. In ka gama duban hatimi, ka tuna da mai aikowa."

Ya amsa: "Laurena, hatimin nan na karance shi sau ɗaya. Rubutunki har yanzu ban gama ba."

Sai Lauwali tela, wanda ya daɗe yana zawarcin ƙofar gidan su Lauratu, ya je ya zauna kusa da Na'Allah. "Baba, yaron ga shina tara takardu masu sunanka. Mi mutum ka yi da sunan wani cikin akwati, in ba boka za a kai ma ba?"

Ran nan aka hana Lauratu fita zance. Ta yi kuka har Goggonta ta tausaya, ta kai wa Ɗan'iya labari.

Hankalinsa ya tashi. Ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, bai zame ko'ina ba sai zauren Na'Allah. Ya durƙusa ya buɗe. Ambulan sun fi ɗari, kowace da farar takarda a tsakani, ga ganyen dalbejiya don korar gara.

"Baba, ba asiri ba ne, sha'awa ce."

"Sha'awa? To ga ashana. Duk mai sunana, ƙone ta."

Su ne mafi kyau a akwatin, Ɗan'iya ya sani. Ya ware su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a ƙasa. Ya ƙyasta ashana, tsinke biyu suka karye, na uku ya kama.

Na'Allah ya sunkuyo ya hure wutar.

Ya ɗauki guda ya juya ta. Ya gane ta, don shi da kansa ya taɓa goge hannu da ita bayan cin goro. Ga ta yau an kakkaɓe, an miƙe kunnenta, an adana.

"Ni dai ban gane kan sarkin da babu sarki ba," ya ce. "Amma na ga yadda kaka riƙon abu. In ka riƙe mini ɗiya haka, na ba ka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya Tambuwal, Lauratu ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi.

"Malamina, da gaske ƙonewa za ka yi?"

"Da gaske."

"Da kuwa ka sha faɗa wurina!" ta ce, idonta cike da ƙwalla.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci zuriya.