Karyar da Ba Ta Jin Tsawa

Sufeto Noelene Varga ta kai kofin shayi bakinta ke nan, Saje Doust ya leƙo ofishin yana danne dariya.

"Ranki ya daɗe, ga babban kes ya samu. An sace kare."

"Shekara goma sha biyu ina bin sawun ɓarayin shanu, Doust. Yau kuma kare?"

"Karya ce ma. Mai ita na waje, ta ce ba inda za ta sai ta gan ki."

Wata tsohuwa ce ta shigo, siririya, riƙe da tsohuwar malafa ta maza. Ta ce sunanta Gwenda Halloran. Mijinta ya rasu bara, ta sayar da gonarsu, za ta koma cikin garin Warrabri da zama. Abin da ya rage mata na gonar sai Juno, karyar kiwo baƙa mai farin ƙirji.

"Juno ba ta san gari ba," in ji ta. "Ko yaran makaranta ta gani sai ta tattara su wuri ɗaya kamar tumaki. Shi ne na ce a koya mata zaman gari. Makarantun karnuka uku na zagaya, irin waɗanda kare ke kwana a can mako shida. Na zaɓi ta Trent Maddock."

"Me ya sa tasa?"

Tsohuwar ta juya malafar a hannunta. "Mutum ne da ba ya iya magana sai yana wurga hannu."

Sufeto ta rubuta, ko da yake ba ta ga ma'anar zancen ba.

"Jiya ya kira ni, wai tsawar da aka yi ranar Talata ta firgita ta, ta tsallake shinge ta shiga daji. Ƙarya yake yi, 'yata."

"Ta yaya kika sani?"

"Na dai sani."

Juno karyar gona ce, ba a taɓa sa mata ƙwayar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya ba. In ta ɓace, ba takardar da za ta dawo da ita.

Makarantar Maddock na bayan gari, cikin itatuwan turare. Maddock mutum ne dogo, kansa tal ba gashi ko ɗaya. Ya tarbi Sufeto da Doust yana wurga hannuwa kamar mai korar ƙuda.

"Ni ma abin ya dame ni, Sufeto. Karya mai ƙwaƙwalwa! Fito ɗaya zan yi ta juya, biyu ta kwanta." Ya yi fiton, hannunsa ya tafi dama, ya sake yi, tafinsa ya sauka ƙasa. "Amma tana jin aradun nan sai ta haukace. Da idona na ga ta haye wayar can."

Sufeto ta dubi shingen. Ya fi Doust tsawo.

"Karya ce ko kangaru?" in ji Doust.

Maddock bai yi dariya ba.

A bangon ofishinsa akwai sanarwar gwanjon karnukan kiwo da za a yi ranar Asabar a filin baje kolin gari. Ya ce zai kai tasa karyar, Duchess, wadda ke gonar wani abokinsa. Sufeto ta nemi wurin wanke hannu. A kwandon shara ta ga kwalin baƙin rini na gashi, an matse shi tas.

Da suka shiga mota ta nuna wa Doust hoton kwalin a wayarta.

"Wane gashi zai rina?" in ji Doust. "Ko na gira?"

Sun ɗan yi tafiya sai suka hango Misis Halloran a bakin titi, tana bin gefen daji. Takan yi taku goma ta tsaya, ta ɗaga malafar sama, ta jira, ta ci gaba. Sufeto ta sa Doust ya kashe mota. Minti biyar suna kallonta.

"Ka lura da wani abu?"

"Tsohuwa da malafa."

"Mai neman kare kiran sunansa yake yi, Doust. Ita ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba."

Ta fita ta isa wurinta a hankali.

"Mama, Juno ba ta ji, ko?"

Tsohuwar ta tsaya cik, idanunta suka kawo ruwa.

"Kurma aka haife ta. Maƙwabta suka ce wa Col, mijina, ya harbe ta, kurman kare ba ya kiwo. Ya ƙi. Shekara biyu yana koya mata da hannu da malafar nan. Duk makarantun da na je, takardarsu ta ce ba sa karɓar kurma, sai na yi shiru. Da na ga yadda Maddock ke wasa da hannu, na ce wannan ko bai sani ba za ta fahimce shi." Ta share ido. "Na ji kunyar faɗa miki. Ni ma ai ƙarya na yi."

"Taki ƙaryar ce za ta kama tasa," in ji Sufeto. "Ki zo ranar Asabar. Kada ki manta malafar."

Ranar Asabar filin ya cika da manoma, motocin a-kori-kura jere har bakin titi. Kafin a yi gwanjon kowane kare, sai an gwada shi da tumaki a gaban jama'a. Da aka kira Duchess, Maddock ya fito da karya baƙa wuluk, ba ɗigon fari a jikinta.

Aka saki tumaki kusan ɗari biyu a can ƙarshen fili.

Sufeto ta girma cikin tumaki, ta ga karnuka da yawa, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Karyar ta fita a guje, ta yi zagaye mai faɗi kamar baka har ta kusa ɓacewa, sai ga ta a bayan garken, cikinta na shafar ciyawa. Ba haushi ko ɗaya. Ido kawai ta kafa musu, tumakin suka haɗe suka taho kamar ruwa ya samu kwari. Da suka cunkushe a ƙofar shinge suka ƙi shiga, sai ta yi tsalle ta hau bayansu, ta bi ta kan ulu da gudu kamar a kan tabarma, ta dira a gaban na farko, ta buɗe hanya.

Doust na riƙe da burodin nama a kusa da baki, ya manta da shi. Sufeto ta ji tsigar jikinta ta tashi. Duk wannan aikin, karyar nan ba ta jin kukan tunkiya ko ɗaya. Takan ɗan waigo ta saci kallon hannun Maddock, shi kuwa yana ta fito yana hura hanci.

Sufeto ta tsallaka igiya ta shiga filin.

"Maddock, karyarka ce?"

"Tun tana jaririya, Sufeto. Ni na koya mata duk fiton nan."

"Madalla. Sa hannuwanka a aljihu ka kira ta."

Ya yi murmushi, ya cusa hannuwa a aljihu, ya yi fito. Karyar na kwance can nesa, ba ta motsa ba. Ya sake yi da ƙarfi. Ya ƙwala mata kira, "Duchess!" Ko kunne ba ta kaɗa ba.

"Wataƙila ta canza lamba," wani manomi ya faɗa, aka fashe da dariya.

Sufeto ta waiwaya ta gyaɗa kai. Misis Halloran ta fito daga cikin mutane. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗaga malafar mijinta sama, ta sauke ta a hankali ta ɗora a ƙirji.

Karyar ta miƙe zumbur. Ta ratsa filin kamar an harbo ta, ta zo ta zube a ƙafafun tsohuwar tana karkarwa, tana wani siririn kuka. Dariyar ta ɗauke. Wani dattijo a gaba ya cire hularsa.

Doust ya jiƙa hankici ya goga a ƙirjin karyar. Hankicin ya fito baƙi.

"Kurma ce, Maddock," in ji Sufeto. "Wace tsawa ta ji ranar Talata?"

Bakinsa ya buɗe. Ya dubi hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu.

"Kurma? Mako biyar ina mata fito..." Ya durƙusa a ciyawa. "Ran da ta kuɓuce ta shiga garken maƙwabcina na ga abin da take iyawa. Na ce irin wannan ba za ta ƙare a ɗakin tsohuwa tana kallon talabijin ba. Ni na ɓoye ta, ni na rina ta."

"Za ka maimaita a caji ofis."

Doust ya sa masa ankwa. "Yanzu sai mu ga yadda za ka yi bayani ba hannu."

Kafin ta bi su, Sufeto ta tsaya gaban Juno. Ta sauke tafinta ƙasa yadda ta ga Maddock ya yi. Karyar ba ta ko dube ta ba. Idanunta na kan malafar.