Ramin Gadon Goggo Uwani

A Bukkuyum, tun ana cikin jihar Sakkwato, an yi wani magidanci mai suna Tanko, mai sayar da gishiri da kanwa a kasuwa. Mutum ne mai zuciya a kusa. In ya ce yau za a yi abu, to ko sama da ƙasa za su haɗe yau ɗin za a yi shi, kuma duk gidan ba mai iya ɗaga masa ido.

Shekarar nan sanyi ya tafi ba sallama. Kwana biyu kacal iska ta juya, ɗakuna suka fara riƙe zafi, Tanko ya tashi gidan tsaye da gyaran bazara. Aka ɓalle lakar da aka toshe tagogi da ita, aka fito da randuna ƙarƙashin rumfa aka girka su a kan jiƙaƙƙen yashi, matarsa Turai ta ninke barguna ta ɗaga. Da la'asar sakaliya abu ɗaya ya rage, wato gadon ƙasa na Goggo Uwani, yayar mahaifinsa, wanda ake hura wuta a ramin da ke ƙarƙashinsa duk tsawon sanyi. In zafi ya shigo akan liƙe bakin ramin da laka, don kada maciji ya mai da shi gida.

Goggo ta tare ƙofa da sandarta ta ce, “Tanko, ba a liƙe shi ranar da anka kashe wuta. Kwana ukku aka barin shi buɗe, kullum da magariba a yi sallama a ce na ciki su hita.”

“Na ciki su wa? Goggo, na kwaɓa laka, ba ni barin ta ta bushe don tatsuniya.”

Ya raɓa ta ya wuce. Ya durƙusa, ya yi bisimilla kamar yadda bakinsa ya saba, ya cusa laka ya daddanna. 'Yarsa Hajara, mai shekara goma sha ɗaya, ita ta riƙe masa ƙwaryar ruwa yana shafe wurin. Ladan na kiran magariba yana wanke hannu.

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Turai ta sunkuya ta ɗauka, ta yar da shi da ihu, domin zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu. Gidan ya yi tsit, kaji ma da ke shirin hawa makwanci suka tsaya cak. Can sai aka ji wani siririn kuka daga ɗakin Goggo, irin na jariri wanda ya gaji.

Tanko ya ce kyanwa ce. Da jifa ya ci gaba washegari, ya ce maƙwabcinsa Barau ne, ya je ya zage shi tas a gaban jama'a. Goggo ta ɗauki tsohuwar fartanya za ta fasa lakar, ya fizge, ya rantse duk wanda ya taɓa wurin sai ya bar masa gida. Ruwan randuna ya koma ɗumi, komai yashin da aka jiƙa.

A rana ta uku Hajara ta kwanta. Jikinta ya ɗau zafi, tana buɗe baki tana neman iska alhali tana tsakiyar fili, tana kartar ƙasa har faratanta suka yi jini. Tanko ya ɗauke ta a mota zuwa asibitin Gummi, aka yi mata allura, suka dawo jiya i yau. Tsoro ya shigi Tanko sosai, amma girman kai ya hana shi faɗa, sai faɗansa ya ƙaru. Turai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “In ɗiyag ga ta mutu, kai ka kashe ta.”

Goggo ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika garin Gwashi aka zo da Malam Hayatu, wani dattijo siriri mai magana a hankali. Ya iso rana ta biyar, gab da faɗuwar rana. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a ƙofar ɗakin, ya gargaɗi Tanko cewa komai ya ji kada ya tanka, sannan ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida, ba a jin komai sai muryarsa da numfashin Hajara.

Sai ta tashi zaune, idanunta a rufe. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe.

“Bari ƙona ni, Malam. Ba ni nif fara taɓa su ba.”

“Mi kika nema ga yarinya?”

“Ɗana. Sanyi yak kore mu munka shiga ramin ga, kamar kowace shekara. Tsohuwa na yi muna sallama, mu kwashe mu tahi. Bana na hita ɗebo ruwa, na komo na ishe an liƙe. Da sunan Allah yal liƙe shi, ba ni iya buɗewa. Kwana biyar ina jin kukan ɗana ta bayan laka.”

Malam ya yi wa Tanko nuni, shi kuwa ya rarumi fartanyar nan ya shiga ɗakin da rarrafe, ya dinga sara yana haki har lakar ta rufta. Wani huci ya buso masa a fuska, kukan ya tsaya.

Hajara ta rungume wani abu da ba a gani, tana jijjiga shi. Malam ya ce, “To, kin samu. Hita, ki sake ta.”

“Shina da rai, amma ya gasu. Zahin da yas sha ba shi tahiya banza, sai wani na gidan ga ya ɗauka. Ita tar riƙe ƙwarya.”

“Ba ki da hakki gare ta. A yanka miki akuya, a bar miki ramin buɗe har abada.”

“Ba ni cin akuya. Ita nika so.”

Malam ya ɗaga murya zai koma karatu, yana da niyyar ya matsa mata har ta saki ba sharaɗi. Amma Tanko ya ga wuyan 'yarsa ya sake langaɓewa, leɓunanta sun tsage. Bakin nan nasa da bai taɓa iya jira ba ya riga kowa.

“Ni nal liƙe! Ni za ki ba, la'ananniya, ki bar min ɗiya!”

Malam Hayatu ya runtse ido ya ce innalillahi. Muryar ta yi 'yar dariya mara daɗi, ta ce, “Ya amsa da bakinai.” Hajara ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, ta ce, “Inna, ruwa.” Aka ɗebo a randa, ga shi da sanyi har yana kama haƙori.

Tanko ya karɓi sauran ya kurɓa, ya ji shi da ɗumi kamar ruwan wanka. Malam ya yi ta kai da kawowa wata uku, a ƙarshe ya ce abin da mutum ya karɓa da bakinsa ba ya ciruwa.

Tanko ya yi shekara ashirin da biyu bayan haka, bai sake sanin sanyi ba. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Hajara abin da ya faru. Ko bayan ta yi aure, in ta zo gida cikin tsananin ɗari, kowa na ƙudundune a bakin wuta, takan same shi a waje daga shi sai wando, gumi na bin gemunsa. Takan yi dariya ta ce, “Baba, kai dai ba ka da dama.” Sai ya miƙa mata mafici ya ce, “Zamna nan kusa, ki yi min fifita.”