Farin Gurbi a Gindin Rimi

"Baba ya ce ka zo da takardun nan, Labaran... dukansu!"

Burushi ya suɓuce wa Labaran ya faɗa gwangwanin ruwa. Wata uku ke nan da ya fara koyon zane da fentin ruwa. In ya tashi daga ɗinkin hula sai ya zo bakin ganuwa ya zauna.

"Radiya, wa ya gaya masa?"

"Ka san unguwarmu Kwarbai, magana ba ta kwana. An ce kana zana mutane, har da ni." Idanunta suka ciko. "Ya rantse in ya ga surar mai rai ko ɗaya, kada magabatanka su tako masa zaure!"

"Wallahi ko tsuntsu ban taɓa zanawa ba, sanyin idona."

"To, na ranar Juma'a fa?"

Shi ma wannan zanen yake tsoro.

Bayan la'asar ya durƙusa a zauren Malam Isma'ila, mahaifinta, gumi na bin bayansa. Malam ya gyara tabarau yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya. Ga ganuwa, ga kududdufi, ga gonar dawa.

"Wannan hadari ne, ko tuwo ne ya ƙone?"

"Ruwa ne ya yi min yawa, Allah ya gafarta Malam."

Sai aka zo kan ta ƙarshe. Rimi ne, kore shar, ƙasa ja, amma a gindinsa ga wani farin gurbi dogo, fenti bai taɓa shi ba.

"Nan fa? Fentin ne ya ƙare?"

Da ya ce e, da shi ke nan.

"A'a, Malam... A irin wannan zanen, abin da kake so ya yi haske kewaye shi ake yi, a bar takarda yadda take. Ranar Juma'a Radiya ta dawo daga gidan Gwaggo Mero, ta tsaya nan muka gaisa. Bayan ta wuce hannuna ya so... sai na tuna karatun da kuke mana. Na kewaye wurin, na bar shi."

Malam ya daɗe yana kallon gurbin. A bayan ƙofar cikin gida, awarwaron Radiya ya yi ƙara ya yi tsit.

"Wato ka so, amma ka tsaya."

"Na tsaya, Malam."

Tsohon ya cire tabarau a hankali.

"Ka ce wa kawunka Shehu ina jiransa ranar Asabar. Wannan kuma na riƙe ta." Ya miƙo masa sauran. "Amma don Allah ka koyi hadari, yaro."

Daga bayan ƙofa wani sauti ya ƙwace, kuka ne ko dariya, Labaran bai tantance ba. Ya dai duƙar da kai, ɗigon hawayensa ya faɗa kan hadarin nan, ya ƙara ɓata shi.