Gwiwar Auta

Kowace safiya, kafin Koci ya fita fili, matarsa takan dafa ruwa ta gasa masa gwiwar hagu, wadda ta raba shi da buga ƙwallo tun yana da sauran ƙarfinsa. Takan ce, "Miƙo ta nan, tsohuwar rigima."

Suna cikin haka wata rana sai ga ƙanenta Auta, ɗan wasan gaba a ƙungiyar da Koci yake horarwa, ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Yaya, wai ka cire ni daga wasan Asabar? Ranar da manyan kulob za su zo ɗiban 'yan wasa?"

"Na ga yadda kake saukowa daga mota, kana ɓoye ƙafar dama. Ni ma haka na yi a lokacina. Aka yi mini allura na shiga, a kan gadon ɗaukar majiyyata aka fito da ni."

"Wallahi garau nake. Benci kawai kake so in yi ta ɗumamawa!"

Da yamma surukin Koci ya aiko kiransa. Ya je ya durƙusa.

"Kai taka ta ƙare, shi ne kake baƙin ciki da ta ɗana? Ko ka sa shi, ko 'yata ta dawo gida."

"Baba, ku gafarce ni. Ba zan sa shi ba."

Matarsa tana haɗa kaya tana kuka. "Ba zan iya saɓa wa Baba ba. Ka sa shi mana, ko na ɗan lokaci kaɗan."

"Ni ma kaɗan aka ce in yi," in ji shi.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya riƙa dafa ruwan da kansa, yana mantawa har ya huce. A fili yakan hura usur, yara su watse, shi ya zauna yana ƙirga ƙwallayen da ya riga ya ƙirga, don kada ya koma da wuri. Bai kai ƙarar kowa ba.

Auta kuwa ya yi fushi ya tafi gwaji wani kulob. Likitansu ya ɗauki hoton gwiwar, ya ce jijiya ta kusa tsinkewa, da ya buga wasa ɗaya da shi ke nan. Aka yi masa aiki.

Wata safiya Koci ya ji sallama. Surukinsa ne a tsaye, ga Auta da sanda, kansa a ƙasa. A bayansu kuma ga matarsa da kayanta. Matar ta ratsa tsakaninsu, ta taɓa butar da ke kan murhu.

"Da wannan ruwan sanyin kake gashi? Zauna. Kai ma Auta, miƙo taka."

Wanda ya hana ka abin da zai cuce ka, ya kuma jure fushinka a kai, shi ne masoyinka. Sau da yawa sai an bar shi shi kaɗai kafin a gane.